Likita Hassall, Wanda Ya Bi Sawun Guba Kanti Kanti

An haifi Arthur Hill Hassall a garin Teddington na ƙasar Ingila cikin 1817. Ya koyi aikin likita a Dublin a hannun kawunsa, sa'an nan ya zauna Landan. A zamanin nan algushi ya yi yawa a kasuwannin birnin, amma ba wanda ya iya nuna inda ɓarnar ta ke fitowa.

Cikin 1851 Thomas Wakley, editan jaridar likitoci mai suna The Lancet, ya ɗora masa aikin bincike. Dabararsa kuwa mai sauƙi ce. A kan shiga kanti a sayi abinci kamar kowa, a rubuta sunan mai kantin da titin da ya ke. Sai Hassall ya duba abincin da madubin nan mai ƙara girman abu, a kuma gwada shi da magunguna. Daga 1851 zuwa 1854 an gwada abinci kimanin kashi 2,500. Aka sami alam cikin burodi, da jan garin dalma cikin barkono, da launi mai dalma a jikin alewar yara. Jaridar ta riƙa buga sunayen kantuna da titunansu, na masu gaskiya da na masu ha'inci. Ta haka mutanen Landan suka san unguwar da guba ta ke, da hannun da ta biyo.

Duk da haka hukuma ta yi nawa, har cikin 1858 alewa mai guba ta kashe mutum wajen ashirin a garin Bradford. Cikin 1860 Majalisar Ingila ta kafa dokar farko ta hana algushi a abinci, aka ƙarfafa ta cikin 1875. Shi kuwa Hassall tarin fuka ya kama shi. Da ya sami sauƙi ya kafa asibitin masu wannan ciwo a Ventnor. Ya rasu a San Remo ta ƙasar Italiya cikin 1894.

To, masu karatu, wannan labari ya shafe mu. Cikin 2008 hukumar NAFDAC ta hana maganin ƙwarin nan Gamalin, wanda wasu su kan zuba a ruwa don kama kifi, ko su barbaɗa wa wake a ajiya. A ƙasar Bagudo, inda Kogin Kwara ya ratsa, busasshen kifi da wake da shinkafa suna kai da kawowa tsakaninmu da Jamhuriyar Benin ta Lolo da Tsamiya. Buhu ɗaya ya kan ratsa hannu da yawa kafin ya isa tukunya, guba kuwa ba ta san iyaka ba. Gwaji kaɗai bai isa ba, sai an rubuta kasuwar da aka sayi buhun, da garin da ya fito. In an tara wannan a kan taswira, a kama mai laifi, a wanke manomi da masunci mai gaskiya. Aikin da Hassall ya bar mana ke nan.