Amundsen, mutumin da ya je inda babu gabas

Manomin Isawane ba ya ɓata a daji. Rana tana fitowa gabas, ta faɗi yamma. Da haka yake gane kudu da arewa, ya san alƙibla. Amma akwai wurin da wannan dabara ba ta aiki.

Duniya tana juyawa kamar katantanwa. Tsininta na ƙasa shi ne Ƙuryar Kudu, inda ƙanƙara ta rufe ko'ina. A can babu gabas, babu yamma. Duk inda mutum ya fuskanta, arewa ce. Rana takan yi wata 6 ba ta faɗi ba, sai dai ta yi ta kewaya sama.

Wanda ya fara isa can shi ne Roald Amundsen. An haife shi a ƙasar Norwe a 1872. Tun yana yaro yake son tafiya ƙasashen sanyi. Ya bar karatun likita, ya zama matuƙin jirgin ruwa. Daga 1903 zuwa 1906 ya ratsa tekun arewacin Kanada. A wajen mutanen Inuwit ya koyi sa rigar fata da tafiya da karnuka.

A watan Oktoba na 1911 ya nufi Ƙuryar Kudu da abokai 4 da karnuka 52. Babu dutse, babu itace, sai suka riƙa tara ƙanƙara tsibi-tsibi don su gane hanyar komawa. Ran 14 ga Disamba suka isa.

To, yaya za su tabbata nan ne wurin? Allurar da ke nuna arewa ba ta taimaka ba, don wani wuri dabam take bi. Sai suka kwana 3 suna auna tsayin rana. Da suka ga tana kewayawa, kusan ba ta hawa ba ta sauka, suka tabbata. Amundsen ya kuma aiki mutum 3, kowa ya bi tasa hanya, don su kewaye wurin. Sannan suka kafa tanti, suka koma lafiya.

Baturen Ingila, Scott, ya iso a Janairu na 1912, ya tarar da tantin. Shi da mutanensa sun mutu a hanyar komawa.

Amundsen ya ɓace a 1928 cikin jirgin sama, wajen neman waɗansu matafiya da suka yi haɗari a tekun arewa.

Tambayoyi

1. Yaya manomi yake gane gabas?
2. Don me suka tara ƙanƙara a hanya?