Agustin, Malamin Hippo

Hanyar nan da ta bi ta Kongolam a ƙasar Daura, ta ratsa Damagaram da Agadas, in mutum ya miƙe ta har ƙarshe sai ya tarar da kansa a Aljeriya. To, can ne, a wani gari wai shi Tagasta, aka haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, 354, zamanin mulkin Rumawa. Uwarsa Monika Kirista ce mai yawan ibada, amma shi da ƙuruciya bai bi sawunta ba.

Da ya ƙoshi da karatu a Kartaj, kusa da Tunis, sai ya kama koyar da fasahar magana. Rashin ladabin almajirai ya kore shi zuwa Rum cikin 383, can kuma suka riƙa gudu da kuɗin karatu. Cikin 384 ya sami babban muƙami a Milan, inda wa'azin Bishop Amburos ya ratsa shi, har ya ajiye muƙamin, aka yi masa baftisma cikin 387. Ya komo gida, ya raba gadonsa ga matalauta. Cikin 391 aka naɗa shi firist a Hippo, watau Annaba ta yau, sa'an nan ya zama bishop.

Abu uku ya kamata mai imani ya lura da su, musamman malami ko akawu. Na farko, bai ɓoye laifinsa ba: a littafin rayuwarsa ya faɗi har 'ya'yan itacen maƙwabci da ya sata yana da shekara 16. Na biyu, ya gargaɗi masu koyarwa su koyar da fara'a, in kuwa almajiri ya fara hamma a ba shi wurin zama, a farkar da shi da magana mai daɗi. Na uku, da ya haura shekara 70 ya sake karanta littattafansa 93, yana nuna inda ya yi kuskure. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, mayaƙan Bandal na kewaye da Hippo. Bai bar wasiyyar dukiya ba, don ba shi da ita. Littattafai kaɗai ya roƙa a adana wa na baya. To, mu da ke riƙe da alli da alƙalami, wa zai iya duba aikinsa haka?