Van 't Hoff: Malamin makarantar likitan dabbobi da ya gano siffar ƙwayar sinadari

Duk ɗalibin da ya shiga ajin farko na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ko wata jami'a a Najeriya, sai ya haɗu da wani zane: ƙwayar zarrar kabon a tsakiya, hannaye huɗu sun miƙe daga jikinta, tsakanin kowane biyu akwai kusurwa mai digiri 109.5. Wanda ya fara kawo wannan tunani shi ne Jacobus Henricus van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan, kuma ya yi hakan yana da shekara 22 kacal.

An haife shi a birnin Rotterdam ranar 30 ga Agustan 1852, mahaifinsa likita ne. Ya shiga kwalejin fasaha ta Delft a 1869, ya wuce Jami'ar Leiden, sannan ya je Bonn ta ƙasar Jamus wurin August Kekulé, daga nan ya nufi Faris wurin Adolphe Wurtz. A 1874 ya samu digirin digirgir a Jami'ar Utrecht.

A lokacin, masana sun san cewa zarrar kabon tana riƙe wasu zarra huɗu, amma a shimfiɗe suke zana su a kan takarda. Sai wata matsala ta taso. Johannes Wislicenus ya nuna cewa sinadarin da ke sa nono tsami da wanda ake samu a tsokar nama zarrarsu ɗaya ce, tsarin haɗuwarsu ɗaya ne, amma yadda suke yi da haske ya bambanta.

A watan Satumbar 1874 van 't Hoff ya fitar da wata 'yar ƙasida da harshen ƙasarsu. Bayaninsa shi ne, hannayen kabon ba a kwance suke ba, suna fuskantar kusurwoyi huɗu na wata siffa mai kama da dala: uku a ƙasa kamar duwatsun murhu, ɗaya a sama. Idan abubuwa huɗu daban-daban suka kama waɗannan hannaye, za a iya jera su ta hanya biyu, kamar hannun dama da na hagu, waɗanda suke kama da juna amma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. Bayan wata biyu, Bafaranshe Joseph Le Bel ya wallafa irin wannan sakamako ba tare da sun yi shawara ba.

Wannan basira ba ta samar masa aikin a-zo-a-gani nan take ba. Sai a 1876 ya samu gurbin koyarwa a makarantar likitan dabbobi ta Utrecht. Da aka fassara aikinsa zuwa Jamusanci a 1877, Hermann Kolbe, babban farfesa a Leipzig, ya yi masa kaca-kaca a mujallarsa. Ya kira tunanin mafarki, ya kuma yi masa gori da wurin aikinsa, inda ya kwatanta shi da wanda ya ari dokin tatsuniya mai fukafukai ya tashi sama. Sukar ta ƙara sa mutane neman ƙasidar. A 1878 van 't Hoff ya zama farfesa a Jami'ar Amsterdam, kuma a shekarar ya auri Johanna Mees, suka haifi 'ya'ya huɗu. A 1893 Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila ta ba shi lambar yabo ta Davy tare da Le Bel.

A kan wannan harsashi na baya suka ɗora gini. A 1916 Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana cewa haɗin zarra biyu ba komai ba ne illa tarayya a kan lantarki guda biyu. A 1957 Ronald Gillespie da Ronald Nyholm suka inganta ƙa'idar cewa waɗannan tagwayen lantarki suna ture juna, kowanne na neman nisa da ɗan'uwansa. Da haka ake bayyana kusurwar 109.5 a iskar metan, da kusan 107 a amoniya, da 104.5 a ruwa. Lanƙwasar ƙwayar ruwa na daga cikin dalilan da suka sa yake narkar da gishiri.

Van 't Hoff bai tsaya nan ba. A 1884 ya wallafa littafi kan saurin haɗuwar sinadarai da tasirin zafi a kansu. Daga nan ya yi nazarin ƙarfin da ke jan ruwa ta cikin siririn tantani zuwa ɓangaren da ya fi gishiri ko sukari. Wannan ilimi ne ke bayyana abin da ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya yake da ma'aunin kashi 0.9 cikin 100, domin kada ƙwayoyin jini su kumbura ko su tsotse. A yankin Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, ma'aunin ruwa da gishiri a jiki magana ce ta rai da mutuwa. Saboda waɗannan ayyuka, ba saboda siffar kabon ba, aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin sinadarai a 1901.

Yawan darussa da jarrabawa sun hana shi sakewa a Amsterdam. A 1896 ya koma Berlin, inda Cibiyar Kimiyya ta Prussia ta ba shi damar bincike, koyarwa kuwa sau ɗaya a mako. A can ya shafe fiye da shekara goma yana nazarin ma'adinan gishirin Stassfurt, yana tantance wane gishiri ne ke fara daskarewa idan ruwa ya ƙafe, kuma a wane zafi. Masu haƙar kanwa a ƙasar Manga, arewa da Nguru da Gashuwa, sun san wannan al'amari a aikace: ruwan kwari ya ƙafe da rani, ya bar kanwa da gishiri iri-iri, waɗanda jirgin ƙasa ya riƙa kwasa zuwa Kano da Kudu tun da layin dogo ya isa Nguru a 1930.

Ciwon tarin fuka ne ya zama ajalinsa ranar 1 ga Maris, 1911, a unguwar Steglitz ta Berlin, yana da shekara 58. Kolbe ya riga shi mutuwa tun 1884, kuma a yau ɗalibai da dama ba su san wannan suka tasa ba sai idan sun karanta tarihin saurayin da ya raina. Duk wanda takardar ƙaramin ma'aikaci ko buƙatar kuɗin binciken matashin malami ke bi ta teburinsa, ya dace ya karanta abin da ke ciki kafin ya duba daga inda ta fito.