Alfred Büchi: Injiniyan da ya yi jiran shekara 20 kafin turbo ya karɓu

Duk tirelar da ta ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, idan ta kama hawa, akan ji wani siririn fito yana tashi daga injinta. Wannan ƙarar turbo ce, na'urar da ke amfani da hayaƙin salansa wajen ƙara wa inji ƙarfi. Mutumin da ya ƙirƙiro ta, Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan ne, kuma ya rasu tun 1959 ba tare da ya ga fasaharsa a cikin ƙaramar motar da ake sayarwa a kasuwa ba.

An haife shi ranar 11 ga Yulin 1879 a Winterthur, garin da ya shahara da masana'antun ƙera injuna. Mahaifinsa, Johann Büchi, babban jami'i ne a kamfanin Sulzer, don haka cikin ƙarafa da injuna yaron ya buɗe ido. Ya yi karatun injiniya a babbar kwalejin fasaha ta tarayya da ke birnin Zurich, ya kammala a 1903, sannan ya tafi Beljiyam da Ingila ya yi aiki.

Ƙarfin da ke bin iska

Abin da ya dami Büchi tun yana matashi shi ne asara. Injin fetur ko na dizal ba ya mayar da dukkan man da ya sha zuwa ƙarfi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man yana ficewa ta salansa a matsayin zazzafan hayaƙi.

Dabararsa ita ce a ɗora wata ƙaramar fanka a kan hanyar hayaƙin. Hayaƙi ya juya ta, ita kuma ta juya wata fankar da ke ɗaya ƙarshen sandar, wadda za ta riƙa cusa iska cikin inji. Idan iska ta ƙaru, inji zai iya ƙona ƙarin mai, ƙarfinsa ya ƙaru ba tare da an ƙara masa girma ba.

A 1905, yana ɗan shekara 26, ya yi rajistar mallakar wannan fasaha a Jamus. A takarda komai ya tafi daidai. A aikace kuwa, babu ƙarfen da zai jure zafin da kuma gudun juyawar da ake buƙata.

Shekarun jira

Bayan ya koma gida ya kama aiki a Sulzer, inda aka buɗe wurin gwaji a 1911. Ya haɗa samfurin farko a 1915, amma bai kai matsayin da za a dogara da shi ba. Matsalolin a bayyane suke: fukafukan fankar ba sa jure zafi, boris ɗin da sandar ke juyawa a kai ba ya daɗewa, kuma iskar da ake samu ba ta kai yadda ake so ba.

Ba shi kaɗai ke wannan fafutuka ba. A Faransa, Auguste Rateau ya gwada turbo a injinan jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Amurka, Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgi kan dutsen Pikes Peak a 1918, domin ya nuna cewa turbo na mayar wa inji ƙarfin da yake rasawa a inda iska ta yi ƙaranci.

Sa'ar Büchi ta zo ne daga teku. A 1923 ma'aikatar sufuri ta Jamus ta ba da kwangilar ƙera jiragen ruwa biyu na fasinja, Preussen da Hansestadt Danzig. An sa musu injinan dizal masu silinda goma, kamfanin Brown Boveri kuma ya ƙera turbo ɗin bisa tsarin Büchi. Ƙarfin kowane inji ya tashi daga na doki 1,750 zuwa 2,500, wato ƙarin sama da kashi 40 cikin 100. Jiragen sun fara aiki a 1926, shekara 21 bayan rajistar farko.

Ba a banza nasarar ta fara daga jirgin ruwa ba. Hayaƙin dizal bai kai na fetur zafi ba, babban turbo ba ya buƙatar gudun juyawa irin na ƙarami, sannan injin jirgi yakan yi awanni yana tafiya a gudu ɗaya, ga injiniyoyi a kansa dare da rana. Mota ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan gata.

Daga nan fasahar ta shiga jiragen ƙasa da manyan injuna, kuma a 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa turbo a injin babbar mota. A shekarar ce kwalejin da ya yi karatu ta ba Büchi digirin girmamawa. Ya kuma shiga siyasa, ya zauna a majalisar dokokin tarayyar ƙasarsa daga 1939 zuwa 1947. Ya rasu ranar 27 ga Oktoban 1959 yana da shekara 80.

Lokacin da turbo ya shiga motocin Amurka

Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1962, kamfanin General Motors ya fito da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder, motocin farko masu turbo da aka ƙera da yawa domin sayarwa.

Jetfire ta nuna cewa matsalar zafi ba ta kau ba. Injinta mai silinda takwas yana ba da ƙarfin doki 215, amma don kada fetur ya riƙa kamawa da wuta kafin lokaci, sai da aka sa mata wani tanki na musamman mai ɗauke da haɗin ruwa da sinadarin metanol. Masu motar sukan manta su cika tankin. Da zarar ya ƙare, na'urar kariya ta rage aikin turbo, motar ta yi sanyi, mai ita ya nufi gareji da ƙorafi. Ba a kai ga sayar da 10,000 ba cikin shekara biyu aka daina ƙera ta, daga baya ma kamfanin ya cire wa da yawa turbo ya mayar musu da kafireto.

Bayan matsalar man fetur ta 1973 da tsaurara dokokin hayaƙi, manyan injinan da aka san ƙartan motocin Amurka da su sun rasa ƙarfi, sai aka sake waiwayar turbo. Pontiac ta fito da Trans Am mai turbo a 1980 da 1981. Wadda ta fi yin suna ita ce baƙar motar nan Buick Grand National, mai injin lita 3.8 da silinda shida. A 1987 aka rufe ƙera ta da samfurin GNX, guda 547 kacal, mai ƙarfin doki 276.

Gadon da ya bar wa masu tsofaffin motoci

Waɗannan motoci yanzu sun doshi shekara 40 ko sun haura, kuma har yau akwai masu hawansu. Abin da ke raba wadda za ta kai mutum aiki kullum da wadda za ta kwana a gareji shi ne abubuwa ukun da suka hana Büchi barci: zafi, boris da mai.

Sandar turbo na mota tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan siririn shimfiɗin baƙin mai take shawagi. Idan man ya tsufa ko ya yi datti, boris ne ke fara biyan kuɗin. Shi ya sa ake yi wa irin waɗannan motoci juye da wuri, da mai mai kyau.

Kashe inji nan take bayan doguwar tafiya ma illa ne. Mai zai tsaya cak a cikin turbo mai zafi, ya ƙone ya daskare, a hankali ya toshe bututun da ke kawo shi. Barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe yana rage wannan. Haka da safe, ba a taka totur da ƙarfi sai mai ya ɗumama. Shuɗin hayaƙi daga salansa, ko sabuwar ƙara mai kama da jiniya, alama ce ta cewa turbo ya fara gajiya.

Sai kuma abin da shekaru ke ci. Robobin iska suna bushewa su tsage, famfon fetur yana rauni. Idan turbo ya cusa iska amma fetur bai iso daidai ba, wutar cikin silinda tana wuce ƙima, ta ƙona gasket ko ta huda fistin. A injin Buick ɗin akwai kuma giyar sarƙar taimin mai haƙoran roba, wadda masu motar kan canza da ta ƙarfe kafin ta farfashe.

Ƙa'idar ba ta bambanta ba ga direban tirela ko mai babban janareto a nan arewa, sai ma ƙari guda: ƙura. Fankar da ke gudu irin wannan, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta cinye bakin fukafukanta idan matatar iska ta huje ko ba ta zauna daidai ba. Matatar iska da baƙin mai su ne mafi arha a cikin kayan inji, kuma su ne ke tsare na'urar da Büchi ya ba rabin rayuwarsa.