Ruƙayya ta Bengal da makarantarta mai ɗalibai biyar

A jami'ar da nake karatu a nan Ingila akwai wani zaman karatu na masu rajin kare haƙƙin mata, wanda ake yi duk yammacin Laraba. Na daɗe ina ƙin zuwa, domin na san abin da ke samun mai hijabi a irin wannan zama: da zarar an ambaci Musulunci sai idanu su juyo kanta, kamar ita aka wakilta ta amsa wa Musulmin duniya baki ɗaya. Wata ƙawata 'yar asalin Bangaladash ce ta ja ni, ranar da za a karanta wani gajeren labari mai suna Mafarkin Sultana. Marubuciyarsa Musulma ce, mutanenta na kiranta Begum Rokeya, wato Ruƙayya a bakinmu. Tun daga ranar nake bibiyar tarihinta.

An haife ta a 1880 a ƙauyen Pairaband da ke yankin Rangpur, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Mahaifinta mai filaye da gonaki ne, ya kai 'ya'yansa maza makaranta a Kalkata, matan kuwa karatun Alƙur'ani kaɗai aka yarje musu. Kullen gidajen manya a Bengal na wancan zamani ya zarce duk wanda muka sani a gida. Ruƙayya ta ba da labarin cewa tun tana 'yar shekara biyar ake ɓoye ta, ba ga maza kaɗai ba, har ga baƙi mata. Yayarta Karimunnesa ta koyi karatun harshen Bengali a ɓoye, da aka gano sai aka gaggauta aurar da ita ba ta cika shekara goma sha biyar ba. Ita da yayansu Ibrahim suka koyar da Ruƙayya. Shi Ibrahim sai dare ya tsala, gida ya yi barci, sannan yake zama da ita yana koya mata Bengali da Ingilishi.

Ba ta kai shekara ashirin ba aka aurar da ita ga Sakhawat Husaini, mataimakin majistare a garin Bhagalpur, wanda matarsa ta fari ta rasu, ya kuma girme ta nesa ba kusa ba. Mai jin wannan zai zaci ƙarshen karatunta ke nan, amma mijin ne ya ƙarfafa mata gwiwa ta yi rubutu. Wata rana ya yi tafiyar aiki, ta zauna ta rubuta Mafarkin Sultana da Ingilishi, aka buga shi a wata mujallar mata ta Madras a 1905. A cikin labarin an juya duniya: maza ne a kulle, mata ke mulki. Suna dafa abinci da zafin rana, suna tatso ruwa daga gajimare, suna tafiya a motoci masu tashi sama, har sun kori abokan gaba da hasken rana ba tare da zubar da jininsu ba.

Wannan labari ya burge 'yan zaman namu ƙwarai, an yi dariya, an yi tafi. Wata ta kawo batun maƙalar da Ruƙayya ta buga a 1904, inda ta yi kakkausar suka ga yadda maza ke fakewa da addini su danne mata, har sai da aka cire wasu sassanta kafin a sake buga ta a littafinta Motichur. Gaskiya ne ta rubuta, ni kaina akwai maganganun da ban bi ta a kansu ba. Abin da ya dame ni shi ne an tashi zaman kamar rayuwarta ta ƙare a 1905, alhali a ganina bayan nan ne ma aikin ya fara.

'Ya'yanta mata biyu sun rasu suna jarirai. Mijin ya rasu a 1909, ya bar mata rupi 10,000 domin ta buɗe wa 'yan matan Musulmi makaranta. Ta buɗe a Bhagalpur da ɗalibai biyar. Rigimar gado da dangin mijin ta raba ta da gidan, ta koma Kalkata, ta sake buɗewa a watan Maris na 1911 da ɗalibai takwas, ta sa wa makarantar sunan marigayin. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, sai ga ta tana zagaya makarantun 'yan mata na waɗanda ba Musulmi ba, tana lura da yadda ake tsara darasi. Ta riƙa bi gida gida, lulluɓe cikin burƙa, tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu. Ta sa karatun Alƙur'ani a manhaja tare da harsuna da lissafi da ɗinki da taimakon gaggawa. A 1916 ta kafa ƙungiyar matan Musulmi, wadda ke taimakon zawarawa da koyar da matan unguwannin talakawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin motar makarantar. Iyaye sun ce ba za su saki 'ya'yansu ba sai an tabbatar babu idon da zai gan su a hanya. Aka rufe motar ruf, iska ba ta shiga, a zafin Kalkata. Yara suka yi ta amai, wasu suka suma. Da aka sassauta rufin, sai wasiƙun ƙorafi suka fara zuwa, cewa iska na ɗaga labule ana ganin 'yan mata. Ruƙayya ba ta watsar da motar ba, ba ta kuma watsar da iyayen ba, ta ci gaba da gyara tsakanin buƙatun biyu. Ita da kanta ta rubuta wannan a littafinta na 1931 kan matan kulle, wanda ya tattara labarai 47. A ciki har da na wata uwargida da gobara ta tashi a gidanta, ta iso bakin ƙofa ta ga baƙin maza cike da tsakar gida suna kashe wuta, ta juya ta koma ciki, wutar ta cinye ta. Ruƙayya ta bambanta suturar mutunci, wadda ta riƙe har ta mutu, da irin wannan tsarewa da ke halaka mace.

Ina karanta labarin motar na tuna da Nana Asma'u, wadda ta riga ta warware irin wannan matsala a ƙasarmu ta hanyar tura jajis su kai wa matan karkara karatu. Na kuma tuna da wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da aka cire daga sakandare bara, ba domin babanta na ƙin boko ba, sai domin makarantar na da nisa kuma babu wanda zai raka ta.

Kafin rasuwar Ruƙayya makarantarta ta kai matsayin sakandare, tana nan a Kalkata har yau. Ta rasu ranar 9 ga Disamba, 1932, tana da shekara 52, aka binne ta a Sodepur, arewa da birnin. A Bangaladash ana tunawa da ita kowace 9 ga Disamba, akwai kuma jami'a mai sunanta a Rangpur. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Laraba mai zuwa ni aka ba wa jagorancin zaman. Labarin motar na zaɓa a karanta, na riga na raba wa kowa nasa.