Sardauna Ahmadu Bello: Tuntuɓen Ƙuruciya da Darasinsa ga Masu Riƙon Dukiya

Duk ɗan Kalambaina da ya daɗe a Legas ko Kano ko Abuja, idan ya doso gida, abin da ke fara shaida masa cewa ya iso shi ne dogayen gine-ginen kamfanin siminti. An kafa wannan kamfani a shekarar 1962, zamanin da marigayi Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, yake Firimiyan Jihar Arewa. Galibin abin da ake ba da labari a kansa na shekarun girma da ɗaukaka ne. Mu kuwa a wannan karo muna so mu waiwayi shekarunsa na ƙuruciya, lokacin da ya yi tuntuɓe har ya kusa rasa komai, domin amfanin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke riƙe da shaguna da kwangiloli da kamfanoni a birane, waɗanda da yawansu shugabanci ya same su tun gemunsu bai cika ba.

Asali da karatu

An haifi Ahmadu a garin Rabah a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifin ya rasu tun Ahmadu yana ƙaramin yaro. Bayan karatun allo, an sa shi makarantar boko a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1926, ya kammala a 1931. Ya dawo ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato har shekara uku. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Rabah, yana da shekara 24 kacal a duniya.

Hakimci a wancan zamani aiki ne na riƙon dukiyar jama'a. Hakimi ne ke kula da ƙidayar masu biyan haraji, da tattara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwanni, sa'annan ya kai kuɗin baitulmali da lissafinsa. Ke nan saurayin da jiya yake riƙe da alli, yau ga shi yana shugabantar dattawan da suka girme shi nesa, kuma kuɗin da ba nasa ba suna bi ta hannunsa.

Tuntuɓe na farko: gaggawa

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu. Ahmadu, yana ɗan shekara 28, ya shiga cikin masu neman gadon sarautar. Jinin sarauta yana da shi, ilimin zamani yana da shi, amma masu zaɓen sarki da Turawan mulki sun zaɓi Abubakar, wanda ya girme shi, ya kuma fi shi daɗewa a cikin sha'anin fada. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50 a gadon mulki, har zuwa 1988. Sarautar Sardauna da sabon sarki yake riƙe da ita kafin naɗinsa ita aka ba Ahmadu, aka kuma tura shi Gusau domin ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato.

Neman abin da mutum ya cancanta ba laifi ba ne. Amma a fahimtarmu, takarar ta zo masa da wuri, kuma ta bar tsatsaguwa tsakaninsa da ɗan'uwansa wanda ya zama ubangidansa. Duk inda aka sami irin wannan tsatsaguwa kuwa, 'yan kanzagi da masu kai gulma ba sa rasa wurin kafa ƙafa. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Matashin da ya buɗe wa maigidansa ido a kasuwa tun bai gama koyon awo ba, ya san ma'anar wannan magana.

Zaman Gusau ya zame masa wata makaranta. Tun da jirgin ƙasa ya isa garin a ƙarshen shekarun 1920, Gusau ta zama matattarar cinikin auduga da gyaɗa, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da ma'auna, baƙi daga kudu suka cika ta. A nan ya ga yadda amfanin gonar talakan Arewa ke fita ɗanye da arha, ya dawo a matsayin yadi da sabulu da tsada.

Tuntuɓe na biyu: shari'ar jangali

A 1943 aka tuhume shi da karkatar da kuɗin jangali. Wanda bai san yadda ake karɓar jangali ba zai yi mamakin yadda irin wannan tuhuma take da sauƙin ɗorawa. Haraji ne da ake biya a kan kowace saniya, alhali shanu ba a wuri ɗaya suke zaune ba. Makiyayi kan ƙetare iyakar gunduma kafin masu ƙirga su iso, kuɗin kuma sai sun bi ta hannun arɗo da dagaci da malamin haraji kafin su kai baitulmali. A tsakanin ƙirgen daji da abin da ke rubuce a littafi akwai ramin da maƙiyi zai iya tura mutum ciki. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya.

Sardauna ya ɗaukaka ƙara. Wani matashin lauya daga Legas, Bode Thomas, ya tsaya masa, kuma babbar kotu da ta zauna a Zariya ta soke hukuncin, ta wanke shi. Wajibi ne mu jaddada wannan: kotu ta tabbatar ba shi da laifi. Abin da muke kira tuntuɓe a nan shi ne mutum ya riƙe dukiyar jama'a, yana da abokan hamayya a kusa, sa'annan ya ɗauka cewa tsarkin zuciyarsa kaɗai ya isa ya kare shi. Gaskiyar da ba ta da takarda da shaida, wahala take sha kafin ta fito.

Yadda ya tashi

Abin lura shi ne abin da ya yi bayan an wanke shi. Sunansa ya ƙara fita a Arewa, musamman a wurin matasa 'yan boko, kuma da ya so ya mayar da abin gaba ta har abada da fadar Sakkwato, da ya sami masu zuga shi. Bai bi wannan hanya ba. Ya koma Sakkwato ya ci gaba da aiki a majalisar Sarkin Musulmi, a ƙarƙashin mutumin da ya yi takara da shi, yana kula da ma'aikatun En'e, har zumunci ya gyaru. A 1948 ya tafi Ingila ya karanci tsarin mulkin ƙananan hukumomi. A 1949 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga bisani aka ba shi ma'aikatar da ke kula da hukumomin En'e, sa'annan a 1954 ya zama Firimiya.

Mutumin da lissafin baitulmali ya taɓa kai shi gaban alƙali, shi ne a zamaninsa aka ƙarfafa makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, inda aka horar da ma'aikatan baitulmali da akawuna da alƙalai daga kowane lardi. Haka kuma wanda ya miƙa hannu ga babbar kujera yana ɗan shekara 28, shi ne bayan jam'iyyarsa ta NPC ta fi kowa kujeru a zaɓen 1959 ya zauna a Kaduna, ya bar mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa a kujerar Firayim Minista a Legas.

Abin da ya gani a Gusau ma bai tafi a banza ba. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, domin audugar Arewa ta zama yadi a Arewa, kuma an yi haka ne da haɗin gwiwar wani kamfanin saƙa na Ingila, saboda an san ba a da gwanintar tukuna. An kafa Bankin Arewa domin ɗan kasuwar Arewa ya sami inda zai nemi jari. A 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya. A wannan shekara ce kuma aka kafa kamfanin siminti a nan Kalambaina, saboda dutsen da ake yin siminti da shi yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasarmu. Kamfanin ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Sardauna bai ga buhun farko ba, domin sojoji sun kashe shi a gidansa da ke Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, tare da uwargidansa Hafsatu. Sananne ne cewa duk da dukiyar da ta bi ta hannunsa, bai bar abin a-zo-a-gani na kansa ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba duk abin da ya dasa ne ya rayu ba. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, bayan fama da rashin wutar lantarki da tsofaffin injuna da kwararowar yadin waje mai arha. Bankin Arewa ya narke cikin bankin Unity a 2006. Kamfanin Kalambaina kuwa an ƙara masa sabon sashe mai tan 500,000 a 1985, daga baya ya koma hannun kamfanin BUA, wanda ya buɗe wani sashen mai tan miliyan ɗaya da rabi a 2018. Kamfani ma kamar mutum yake, sai ya riƙa gyara kansa yake daɗewa.

Saboda haka, 'ya'yanmu da ƙannenmu, kada wanda ya sami jari ko muƙami da ƙuruciya ya ɗauka cewa ya wuce koyo. Ku raba aljihunku da aljihun sana'a, ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ku karɓi rasit ko da daga hannun ɗan'uwa ne. In kun saɓa da maigida ko abokin ciniki, ku yi sulhu da wuri tun masu zuga ba su shiga tsakani ba. In kuwa asara ko sharri ya same ku, ku zauna ku binciki ta wace ƙofa ya shigo, ku toshe ta, sa'annan ku koma bakin aiki. Sardauna yana da shekara 33 aka yanke masa hukuncin ɗauri, bayan shekara 11 kuma ya zama shugaban gwamnatin Arewa baki ɗaya.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya kyautata namu ƙarshen.