Pierre-Simon Laplace, masanin da ya auna shakka da lissafi

An haifi Pierre-Simon Laplace ranar 23 ga Maris 1749 a ƙauyen Beaumont-en-Auge da ke yankin Normandi, a ƙasar Faransa. Mahaifinsa ya so ya zama limamin coci, amma a jami'ar Caen lissafi ya ɗauke masa hankali. Da ya isa Paris, masani d'Alembert ya taimaka masa ya samu aikin koyarwa a makarantar soja.

A 1774 ya wallafa hanyar gano dalilin abu daga sakamakon da aka gani, tare da auna yawan shakkar da ta rage. Wani malamin Ingila, Thomas Bayes, ya riga shi taɓa batun, amma Laplace ne ya faɗaɗa shi har ya yi aiki a kan alƙaluman gaske.

Ya gwada dabarar a kan rajistar haihuwa ta Paris. Daga 1745 zuwa 1770 an rubuta yara maza 251,527 da mata 241,945. Tambayar ita ce ko wannan rata dace ce kawai. Lissafinsa ya nuna cewa yiwuwar hakan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wato haihuwar maza ta ɗan fi ta mata yawa da gaske.

A 1802, bisa shawararsa, aka ƙidaya mutane a wasu zaɓaɓɓun garuruwa kaɗai, aka kwatanta yawansu da haihuwar da ake samu duk shekara. Daga nan ya ƙiyasta al'ummar Faransa da sama da miliyan 28, ya kuma bayyana iyakar kuskuren da ƙiyasin zai iya ɗauka. A kan irin wannan tunani ne binciken samfuri na hukumomin ƙididdiga ya ginu a yau.

Siyasa ba ta karɓe shi ba. Napoleon, wanda Laplace ya taɓa yi wa jarrabawa a 1785, ya naɗa shi ministan cikin gida a 1799, ya sauke shi bayan makonni shida.

A 1812 ya fitar da babban littafinsa kan lissafin yiwuwa. Ya rasu a Paris ranar 5 ga Maris 1827, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 78.